Yadda Ake Gwada Zaburar Gwiwa: Daga Riƙon Guduma Zuwa Karanta Abin da Ƙafa Ta Nuna

Gwajin zaburar gwiwa ba ya cin minti biyu, ba ya buƙatar wutar lantarki ko batir, kuma ko a ƙaramin asibitin ƙauye ana iya yin sa. Duk da haka yana cikin gwaje-gwajen da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sau da yawa za ka ga an ƙwanƙwasa gwiwar mutum ta saman wando, yana zaune a ɗarare, tafin ƙafarsa na dafe da ƙasa, ƙafa ba ta motsa ba, sai a rubuta "babu" a wuce. Wannan "babu" ɗin tana iya sa a tura mutum hoto mai tsada da ba ya buƙata, tana kuma iya sa a hana mai cikin da ke fama da jijjiga allurar da ke tsare ranta. Ɗaliban aikin jinya da na ungozoma da ma'aikatan lafiya na matakin farko nake yi wa wannan bayani, kuma abin da nake so ya zauna a ran kowa shi ne: kafin ka ce gwiwa ba ta amsa ba, ka tabbata ka tambaye ta yadda ya kamata.

Abin da ake gwadawa

A gaban cinya akwai babbar tsoka mai kai huɗu, ita ce ke miƙar da ƙafa. Ta sauko ta rungume ƙoƙon gwiwa, daga ƙasan ƙoƙon kuma wata jijiya mai kauri da tauri ta ɗaure ta a jikin ƙashin ƙwauri. Idan aka bugi wannan jijiya, tsokar takan ɗan miƙe farat ɗaya. A cikin tsokar akwai wasu ƙananan zaruruwa da aikinsu shi ne jin miƙewa. Su ne ke aika saƙo ta jijiyar saƙo ta gaban cinya, wadda likitoci ke kira fimoral, zuwa laka, a gaɓoɓin da ake kira L2 da L3 da L4. Nan take laka ke mayar da amsa ta wannan jijiyar, tsoka ta tsuke, ƙafa ta harba gaba. A daidai lokacin kuma wani saƙon yakan je ga tsokokin bayan cinya ya sa su saki, don kada su riƙe ƙafar. Duk wannan yana ƙarewa cikin abin da bai kai kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa ba, tun kafin mutum ya san an taɓa shi.

Saƙon bai je ƙwaƙwalwa neman izini ba, amma ƙwaƙwalwa tana da hannu a ciki. Matsayinta matsayin mahayi ne da ke riƙe da linzamin doki: kullum tana ɗan ja, tana hana zaburar wuce kima. In hanyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa laka ta lalace, linzami ya kuɓuce, zabura ta yi yawa. In kuwa matsalar tana cikin zagayen da kansa, wato jijiyar saƙo, ko saiwarta a ƙashin baya, ko gaɓar lakar, ko tsokar, to zabura ta ragu ko ta ɓace. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin fassarar gwajin.

Likitoci biyu na ƙasar Jamus, Wilhelm Erb da Carl Westphal, su ne suka fara bayyana amfanin gwajin a 1875, kowa da nasa rubutun, a fitowa guda ta mujalla guda. Westphal ya lura cewa zaburar takan ɓace ga waɗanda tunjere ya daɗe a jikinsu har ya ci lakarsu, shi ya sa har yau ake kiran rashinta alamar Westphal.

Guduma

Iri biyu aka fi gani a asibitocinmu. Akwai mai kan roba mai kusurwa uku da gajeren mariƙi na ƙarfe, wadda John Madison Taylor ya ƙirƙiro a Filadelfiya ta Amurka a 1888. Ita ɗalibai suka fi saye saboda arha da shiga aljihu. Akwai kuma mai zagayayyen kai da doguwar sanda mai lanƙwasa, wadda ake kira Queen Square, da sunan dandalin da babban asibitin cututtukan ƙwaƙwalwa da laka yake a Landan. In an ba ni zaɓi ta biyun zan ɗauka, kuma ita nake ba mai koyo shawara ya nema. Kanta na da nauyi, sandarta na da tsawo, saboda haka ita ke yin aikin, ba ƙarfin hannunka ba. Mai kusurwa uku ba ta da nauyi, shi ya sa mai koyo kan koma sara da ita. Ko wacce ce a hannunka, matsa robar da yatsa ka ji. Zafin ƙasarmu yana busar da roba, kuma busasshiyar roba ciwo take ji wa mutum, wanda ya ji ciwo kuwa ba zai sake sakin jiki ba.

In babu guduma ba a fasa gwaji. Gefen tafin hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa, yana yi. Kan yatsu biyu a lanƙwashe ma yana yi ga siririn mutum ko yaro. Sai dai in ka yi da hannu ba ka samu komai ba, kada ka yanke hukunci sai ka nemo guduma.

Mataki na farko: magana da sutura

Wanke hannu, ka gaisa, sannan ka faɗi abin da za ka yi. Mutumin da ya ga an nufo shi da abu mai kama da guduma dole ya ɗaure jiki. Nuna masa ita, ka bugi tafin hannunka ya gani, in ya so ya taɓa. "Baba, wannan roba ce. Zan ɗan buga ƙasan gwiwa, ba zafi. Ƙafar za ta iya motsawa da kanta, a ƙyale ta." Ka tambaya ko gwiwar na ciwo, ko an taɓa yi mata aiki. Gwiwar da ke da rauni a buɗe, ko ta kumbura tana zafi, ko ake zargin karaya a kusa da ita, ko aka yi wa tiyata kwanan nan, ba a bugun ta.

Ana so gwiwa da ƙasan cinya su fito fili, domin tsokar za ka kalla. Ga namiji, a naɗe wando har saman gwiwa, amma in wandon ya matse cinya bayan naɗewa gara a cire a rufa da zane, don matsewar kanta tana hana tsoka sakewa. Ga mace, a ja labule, a samu ma'aikaciya ko 'yar'uwarta a wurin, ita da kanta ta ɗage zanenta zuwa saman gwiwa kaɗan, a rufe cinyoyin da mayafi. Wannan haƙƙinta ne. Kuma ko ta fuskar aikin, matar da ke jin kunya tana matse ƙafafu ba za ta ba ka sakamakon gaskiya ba. In ta fi son mace ta duba ta kuma akwai macen, a kira ta.

Mataki na biyu: zama

A nan aka fi yin asarar gwajin, don haka kada ka yi gaggawa.

Mai iya zama ya zauna a bakin gadon gwaji, ƙafafu na reto ba sa taɓa ƙasa, cinyoyi na kan katifa, da ɗan tazara tsakanin bayan gwiwa da bakin gado yadda ƙwauri zai iya lilo ba ya bugun ƙarfe. Hannuwa a kan cinya ko a gefe, kada ya dogara da su ta baya. Ɗan tura ƙafar da hannunka ka saki. In ta yi lilo da kanta, ya saki jiki. In ta tsaya cak inda ka bar ta, yana riƙe da ita, kuma ko ka buga ba abin da za ka samu.

In kujera ce kawai a ɗakin, akwai hanya biyu. Ko ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ka gwada ta saman, sannan ya sauya, ko ya ajiye tafin ƙafafun a ƙasa, ya ɗan tura su gaba, kai kuma ka ɗora hannu a cinya ka ji tsukewar tsoka tunda ƙafar ba za ta harba sosai ba. Tsoho mai ciwon ƙugu ko mai jiki sosai ɗora ƙafa kan ƙafa na ba shi wuya, sai a bi ta biyun.

Wanda ke kwance ya kwanta rigingine. Zura hannunka na hagu ƙarƙashin gwiwoyinsa biyu, ka ɗaga su kaɗan har su ɗan lanƙwashe, dugadugai na taɓa katifa. "Mama, a sakar min nauyin ƙafar gaba ɗaya, ni zan riƙe." Za ka ji lokacin da ta saki, don nauyin zai sauko maka a hannu. In ƙafafun sun yi maka nauyi, ɗauki ɗaya bayan ɗaya, ko ka sa matashi a ƙarƙashinsu, amma lanƙwasar ta zama iri ɗaya a dama da hagu. In ɗaya ta fi ɗaya lanƙwashewa, kai ne ka ƙirƙiri bambancin da za ka gani.

Kalmar "saki jikinka" ita kaɗai ba ta cika aiki ba, wani ma sai ta ƙara sa shi ɗaurewa. Abin da ya fi shi ne hira. Tambaye shi garinsu, ko yadda damina ta yi a wajensu, ko sunayen 'ya'yansa. Yana cikin amsawa sai ka buga.

Mataki na uku: nemo jijiyar

Kada ka buga da ka. Sa yatsa a kan ƙoƙon gwiwa, ka gangaro har ka ji ƙarshensa na ƙasa. Ci gaba da gangarowa, za ka ji wani tudun ƙashi a saman ƙwauri. Tsakanin waɗannan biyun akwai wuri kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku, in ka danna za ka ji abu mai tauri amma yana ɗan lotsawa. Ita ce jijiyar, kuma tsakiyarta za ka nufa. Ga mai ƙiba ko mai kumburin ƙafa, ce masa ya ɗan miƙe ƙafar, jijiyar za ta taso ƙarƙashin yatsanka, sannan ya saki. Bugun ƙoƙon ko na ƙashin ƙwauri ciwo ne kawai, ba ya haifar da zabura.

Mataki na huɗu: bugun

Tsaya a gefe, ba a gaban ƙafar ba. Riƙe gudumar a can ƙarshen mariƙinta, tsakanin babban yatsa da manuni, riƙo sakwa-sakwa. Daga wuyan hannu motsin ke fitowa, kafaɗa da gwiwar hannu ba ruwansu. Ɗaga kan gudumar, ka bar nauyinsa ya faɗo kan jijiyar, ya yi tsalle ya dawo da kansa. Bugu ɗaya, gajere, mai kaifi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙe ta kusa da kai a dinga caka ta, ko a buga a bar ta manne da fata. Zaruruwan nan na cikin tsoka miƙewar bazata suka fi ji, turawa a hankali ba ta tada zabura komai ƙarfinta.

Ɗayan hannun, in ba ya riƙe da ƙafa, ɗora shi a kan cinya sama da gwiwa kaɗan. Idonka ma a cinyar zai kasance, musamman tudun tsokar da ke ta ciki, sama da ƙoƙo. Mutane da yawa ƙafa suke kallo, alhali akwai wanda tsokarsa ke tsukewa sarai amma ƙafar ba ta tashi ba. Wannan zaburarsa tana nan.

Buga sau biyu ko uku, kana barin 'yan daƙiƙoƙi a tsakani, kuma kada ka yi su a jere da kiɗa ɗaya yadda zai san lokacin da na gaba zai zo. Sannan ka koma ɗaya gwiwar nan take, da ƙarfi iri ɗaya. Dama, hagu, dama, hagu. In kana shakkar ko akwai bambanci, rage ƙarfin bugun a hankali har ka kai mafi ƙanƙantar bugun da ke tada kowace gwiwa. Ƙaramin bambanci a bugu mai sauƙi yake fitowa, bugu mai ƙarfi ɓoye shi yake yi.

Wani majinyacin, don son ya taimake ka, zai harba ƙafar da kansa. Ana gane wannan: zaburar gaskiya tare take zuwa da bugun, ta ganganci kuwa takan ɗan makara, ko ta riga gudumar sauka, ko ka ga duk jiki ya zabura har kafaɗu. Kada ka nuna masa ya yi laifi. Ce masa ya rufe ido, ka ja shi da hira, ka sake.

In gwiwar na da ciwo a daidai wurin bugun amma sauranta lafiya, akwai wata hanya ga wanda ke kwance ƙafa a miƙe: ɗora manuninka a saman ƙoƙon, ka ɗan tura shi ƙasa, ka bugi yatsan naka ta fuskar ƙafa. In zabura na nan za ka ji ƙoƙon ya ja sama.

Mataki na biyar: in ba ta amsa ba

Kafin ka rubuta "babu", sake duba zama, sake laluben jijiya, sannan ka yi dabarar ƙarfafawa da ake kira da sunan Jendrassik, likitan ƙasar Hangari da ya bayyana ta a ƙarni na 19. Majinyaci zai lanƙwasa yatsun hannuwansa biyu ya sarƙe su a gaban ƙirji. "Malam, in na ce ja, ka ja da ƙarfi kamar za ka raba su, amma kada ka saki." Ka ce "ja", ka buga a cikin wannan daƙiƙar. Lokacin shi ne komai, don tasirin ba ya daɗewa. In ya yi ta ja tun kana neman guduma, ƙarfafawar ta wuce kafin ka buga. Wanda ba zai iya da hannu ba, ya cije haƙora ko ya dunƙule hannu.

In zabura ta fito da wannan dabarar, zagayen bai yanke ba, sai ka rubuta cewa tana nan amma sai da ƙarfafawa. In har da ita babu komai, ka kuma ɗora hannu a cinya ba ka ji ko motsi ba, yanzu kana da hujjar cewa babu.

Yara

Ƙaramin yaro a cinyar uwarsa ake gwada shi, yana fuskantar ka, ƙafafu na reto. Ɗora yatsanka a kan jijiyar ka bugi yatsan, ya fi sauƙi gare shi kuma za ka ji tsukewar kai tsaye. Fara da gwiwar uwar ko taka ya gani. Jariri kuma kansa ya kasance a tsakiya, ba ya juye gefe ɗaya ba, don juyawar kai kan sauya ƙarfin tsokokin ɓangarorin biyu. Yaron da ke tsala kuka yana miƙewa ba a samun komai a wurinsa, a bari ya sha nono ya lafa.

Rubutawa

Ma'aunin da aka saba da shi daga 0 ne zuwa 4. Sifili, babu ko da ƙarfafawa. 1+, tana nan amma 'yar kaɗan. 2+, daidai. 3+, ta fi ƙarfin yadda aka saba. 4+, ta yi ƙarfi ƙwarai har da karkarwar da ake kira kulonus. Rubuta dama da hagu dabam, kamar haka: dama 2+, hagu 1+ da ƙarfafawa. Kalmar "lafiya" ita kaɗai ba ta gaya wa wanda zai karɓe ka komai.

Duk lokacin da ka ga 3+, nemi kulonus. Riƙe ƙafar gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka tura tafin ƙafar sama da sauri, ka ci gaba da riƙewa. In ya yi ta bugun hannunka ba ya tsayawa, wannan ba lafiya ba ne. Bugu biyu ko uku da suka mutu da kansu, iri ɗaya a ƙafafu biyu, ana iya samun su ga mai lafiya da ke cikin fargaba.

Fassara

Lambar ita kaɗai ba ta cika faɗin komai ba. Akwai masu lafiya garau da zaburarsu 1+ ce a ko'ina, akwai matasa da masu fargaba da tasu 3+ ce a ko'ina. Abin da ke tada hankali shi ne bambanci tsakanin dama da hagu, ko tsakanin hannuwa da ƙafafu, ko sauyi daga yadda aka gani jiya, ko zabura da ta zo tare da raunin ƙafa, ko mutuwar jiki, ko matsalar fitsari. Shi ya sa ba a gwada gwiwa ita kaɗai. A haɗa da zaburar agara a bayan idon sawu, da shafar tafin ƙafa don ganin inda babban yatsa zai nufa, gwajin da Joseph Babinski ya bayyana a Faransa a 1896, da ƙarfin tsoka, da jin taɓi.

Zabura mai yawa a ɓangare ɗaya, da taurin tsoka, da babban yatsa mai tashi sama, ita ake gani bayan shanyewar ɓarin jiki. In a ƙafafu biyu ne hannuwa kuma lafiya, a tuna da abin da ke danne laka a ƙashin baya. A wajenmu tarin fuka na ƙashin baya yana cikin na gaba-gaba, don haka a duba bayan, a nemi ƙusumbi ko wurin da ke ciwo in an danna, a tambayi rama da zazzaɓin dare. Amma a kula da wani tarko: a sa'o'i ko kwanakin farko bayan mummunan rauni a laka, irin na haɗarin mota ko faɗowa daga babur, zabura kan ɓace gaba ɗaya kafin daga baya ta dawo da yawa. Farkon shanyewar ɓarin jiki ma ana iya ganin haka. Wanda aka kawo daga haɗari ana zargin bayansa ba a zaunar da shi don gwaji, ba a kuma lanƙwasa shi.

Zabura da ta ragu a gwiwa ɗaya tana nuni ga saiwar L3 ko L4, ko jijiyar fimoral, ko tsokar kanta. A nan akwai abin da ya kamata a sani game da ciwon baya mai sauka ƙafa: yawancin zamewar faifan ƙashin baya a can ƙasa take faruwa, inda take taɓa saiwar L5 ko S1, kuma waɗannan ba su ke riƙe da gwiwa ba. Saboda haka lafiyayyar zaburar gwiwa ba ta wanke mai ciwon baya. Haka mai ciwon suga: lalacewar jijiyoyinsa daga yatsu take farawa, zaburar agara ke fara tafiya, ta gwiwa sai daga baya. In ka jira gwiwa ta nuna, ka makara.

Rauni da ya fara daga ƙafafu yana hawa sama cikin kwanaki, zabura kuma ta ɓace a ɓangarori biyu, yana iya zama cutar Guillain-Barré. A tura shi babban asibiti a ranar, domin raunin na iya kaiwa ga tsokokin numfashi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ta yi laƙwas, to ko me kake zato, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a ɗauki bayan gidansa don binciken shan inna, sau biyu da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da farawar. An ga shan inna na daji na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, an kuma ayyana yankin Afirka ya rabu da shi a watan Agustan 2020, amma wannan sa idon bai tsaya ba, kuma ma'aikacin da ya fara ganin yaron shi ne farkonsa.

Wani lokaci ƙafar za ta harba, maimakon ta tsaya bayan lilo ɗaya ko biyu sai ta yi ta reto. Ana ganin haka a ciwon ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, mai kula da daidaiton tafiya. Wani kuma tsokar za ta tsuke amma ta yi jinkirin saki, alamar da ke zuwa da ƙarancin aikin halittar tayirod ta maƙogwaro, ko da yake a agara ta fi fitowa.

A ɗakin haihuwa

'Yar'uwa ungozoma, wannan ɓangaren naki ne, kuma a ganina nan ne gwajin ya fi kowane wuri nauyi a ƙasar Hausa. Jijjigar masu ciki tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a arewacin Najeriya da Nijar, kuma maganinta na farko shi ne maganiziyam salfet. Babban binciken Magpie da aka fitar a 2002, wanda ya haɗa mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna cewa maganin ya rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. Amma in ya taru a jini yana kashe tsokoki, har na numfashi. Ta ƙoda yake fita, ƙodar mai wannan ciwo kuwa sau da yawa ba ta aiki sosai. Yawancin asibitocinmu ba sa iya auna yawansa a jini cikin dare. Abin da ya sa ake iya ba da shi duk da haka shi ne, zaburar gwiwa ce ke fara ɓacewa kafin numfashi ya taɓu. Ita ce gargaɗinki na farko.

A tsarin ba da maganin da aka fi bi, wanda ake kira Pritchard, bayan allurar farko ta giram 4 a jijiyar jini da giram 5 a kowane ɗuwawu, ana ba da giram 5 duk bayan awa 4, ana sauya ɗuwawu, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjiga ta ƙarshe. Kafin kowace allura ta gaba, abu uku Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar: zaburar gwiwa tana nan, numfashi ya kai 16 a minti, fitsari ya kai mililita 30 a awa cikin awa huɗun da suka wuce. In ɗaya ya gaza, ki dakatar da allurar, ki kira likita. In numfashi ya tsaya ko yana neman tsayawa, a taimaka mata da numfashi, a ba da kalsiyam gulukonet giram 1, wato mililita 10 na mai kashi 10 cikin 100, a jijiyar jini a hankali. Wannan kwalbar ta kasance a kusa da gadon tun kafin a fara maganin. In asibitinku na da rubutaccen tsarinsa, shi za ki bi.

Matar da ke cikin jijjiga ba a jinkirta mata allurar farko don neman guduma. Amma da zarar ta lafa, ki gwada ki rubuta, don ki san daga inda aka tashi. Kafin magani, zabura mai ƙarfi da kulonus ga mai hawan jinin ciki, musamman in tana kukan ciwon kai ko ganin walƙiya ko ciwo a saman ciki, alama ce cewa jijjiga na iya zuwa.

Mai ciki da ya tsufa ba a barin ta rigingine tsawon lokaci. Ki gwada ta a kwance ta ɗan karkata hagu, hannunki ƙarƙashin gwiwa, ɗaya hannun da guduma, idonki a cinya. In tana cikin magagi ba za ta iya sarƙe yatsu ba, don haka zama da wurin bugu su za ki ƙara kyautatawa, kuma in kina shakka ki kira abokiyar aiki ta gwada ita ma kafin a yanke. Kuskure ta kowane ɓangare na da tsada: ki ce babu alhali tana nan, an hana ta magani jijjiga ta dawo, ki ce tana nan ba ki gwada da kyau ba, an ƙara mata abin da ya riga ya yi yawa.

Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa da allurar kashin baya, ƙafafunta a mace suke na wasu sa'o'i, gwiwa ba za ta amsa ba ko maganin bai yi yawa ba. A wannan hali hannu ake gwadawa: ki ɗan lanƙwasa gwiwar hannunta a kan naki, ki ɗora babban yatsanki a kan jijiyar da ke tsakiyar lanƙwasar, ki bugi yatsan, ki ji tsokar damtse ta tsuke. Duk wanda kika gwada, gwiwa ko hannu, ki rubuta shi da sunansa a takardar sa ido, da lokacin, da adadin numfashi da na fitsari a layi ɗaya, yadda wadda za ta karɓe ki da asuba za ta ga ko 2+ ɗin ƙarfe goma na dare ta koma 1+ da ƙarfe biyu.